Yadda Ake Zana Tsohon Birnin Surame da Ƙirƙirarriyar Basira Ba Tare da An Yi wa Tarihi Ƙarya Ba

Babu wanda yake da hoton Surame lokacin da take cike da mutane. Birnin da Muhammadu Kanta ya gina ya mayar da shi cibiyar mulkin Kabi a ƙarni na 16, yau kango ne wajen Binji a jihar Sakkwato: ganuwar dutse, nan ta zube, can tana tsaye, itatuwa sun fito a tsakaninta. Sarautar ta bar wurin wajen farkon ƙarni na 18 ta koma Birnin Kabi, masu jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, daga baya Kabawa suka kafu a Argungu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin wannan ganuwa tambayoyi iri ɗaya ke zuwa masa. Ina tsayinta ya kai kafin ta zube? Yaya ƙofofin suke? Wane irin gida Kanta ya kwana a ciki?

Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira a cikin waya, irin su ChatGPT da Gemini da Copilot da Meta AI ta cikin WhatsApp, waɗanda za ka rubuta musu jimla biyu su fito maka da hoto kafin ka ajiye kofin shayi. Malamin tarihi zai iya amfani da su a aji, mai shirya bidiyo zai iya, ɗalibi ma haka. Sai dai Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma haɗarin ke nan. Hoto ɗaya na ƙarya, idan ya yi kyau, zai kori labarin da tsofaffi suka riƙe shekara ɗari biyar. Saboda haka aikin da zan nuna a nan rabinsa zane ne, rabinsa kuma tsare gaskiya.

Fara da sanin abin da na'urar take yi

An koya mata ne da miliyoyin hotunan intanet, kowanne da rubutun da ke bayaninsa. Idan ka ba ta umarni, ba wata taska take buɗewa ta ɗauko maka Surame ba. Da yawa daga cikin manhajojin nan da ɗigo-ɗigo marasa fasali suke farawa, kamar allon talabijin da ya rasa tasha, sai su yi ta gyara su sannu a hankali har su zama abin da ya yi kama da hotunan da suka saba gani tare da kalmominka. Hotunan ƙasar Kabi kuwa ba su da yawa a intanet. Don haka in ka ce mata tsohon birnin Afirka ta Yamma, mafi yawa za ta jawo maka masallacin Jenne na ƙasar Mali da itatuwan da ke leƙowa daga bangonsa, ko kasuwar Maroko, ko ma wani gidan sarautar Turawa da tuta a kai. Kuma ba ta cewa ban sani ba. Zana maka kawai za ta yi.

Akwai wani amfani na daban da ake yi da ƙirƙirarriyar basira a binciken tarihi, kada a haɗa su. A 2023 an yi amfani da ita wajen karanta kalmar farko daga cikin naɗaɗɗun takardun garin Hakulaniyom na Italiya, waɗanda aman dutsen Besubiyas ya ƙona a shekara ta 79, ba tare da an warware su ba. A 2024 masu bincike daga Jami'ar Yamagata ta Japan, tare da kamfanin IBM, suka gano sabbin zane-zane 303 a hamadar Nazka ta ƙasar Peru. Waɗancan suna tono abin da yake nan ne, ido bai gani ba. Namu aikin kintace ne da aka sa wa launi. Yana da amfani, amma a kira shi da sunansa.

Mataki na ɗaya: tambaya guda

Kada ka ce za ka zana Surame gaba ɗaya. Ɗauki abu ɗaya da za ka iya bi har ƙarshe: ƙofa ɗaya da ɓangaren ganuwar da ke jikinta, ko bakin ruwa da sassafe, ko jirgin Kanta. Ni na fi son jirgin, domin labarin da aka gada ya ce Kanta yana da babban kwalekwale da aka lulluɓe da jan ƙarfe, mutum hamsin ke tuƙa shi. Ba wanda ya gan shi a zamaninmu, amma labarin ya ba da siffa uku a fili: girma, jan ƙarfe, matuƙa hamsin. Irin wannan shi ne abin da ya dace da wannan aiki. Za mu riƙa komawa kansa da kan ƙofar.

Mataki na biyu: tara hujja, ka raba ta kashi uku

Nan ne ake daɗewa, kuma nan ne yawancin mutane ke tsallakewa. Samo littafin rubutu, ka raba shafi gida uku. Gida na farko, abin da ido zai iya gani yau. Na biyu, abin da aka rubuta ko aka gada a baki. Na uku, abin da kai ka kintata.

A gida na farko za ka sa duwatsun ganuwar, launinsu, yadda aka jera su da laka a tsakani, faɗin gindin bangon, yanayin ƙasar da itatuwan wurin. Idan ba ka iya zuwa, buɗe Google Earth ka duba wurin daga sama, ka ɗauki hoton allon. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ma gida na farko ne. Ginin tsohuwar fadar sarki ce, an mayar da shi gidan tarihi a 1958, kuma a ciki akwai makamai da tambura da layu da kayan kamun kifi. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, kuma ka tambayi ma'aikaci shekarun kowane abu, domin takobin da aka ajiye a can ba lallai ne ya kai zamanin Kanta ba.

A gida na biyu akwai Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi na Tumbutu, wanda ya ambaci yadda Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan yaƙin Agadas. Wani abin sha'awa shi ne, a Gwandu Baturen nan Heinrich Barth ya sami kwafin wannan littafi a 1853, wato a ƙasarmu ta Kabi. Akwai Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi magana kan ƙasashen Hausa da tarihinsu. Sai kuma labarin baka, irin wanda ke cewa Nufawa sun makara wajen aikin ganuwa, sai Kanta ya sa su kwaɓa tasu lakar da man kaɗe maimakon ruwa. Rubuta shi a matsayin labarin baka, kada ka ɗaga shi ya koma gida na farko.

In za ka je wurin dattijo, kada ka tafi da tambaya mai faɗi. “Baba, ranka ya daɗe, a ba mu tarihin Kabi” zai kawo maka jerin sarakuna, abin da na'ura ba za ta iya zanawa ba. Tambayi abin da ake gani: “Baba, da kuna yara, manyan jiragen ruwa da itacen me ake sassaƙa su? Matuƙi a tsaye yake ko a zaune? Da me ake toshe inda ya tsage?” Ka ɗauki murya in ya yarda, ka rubuta ranar da garin.

Gida na uku kuwa shi ne duk abin da babu shi a biyun farko amma hoto ba zai yiwu sai da shi: tsayin ƙofa, siffar rufi, launin riga. Kintace ba laifi ba ne. Ɓoye shi ne laifi.

In ka samu zuwa kangon da kanka, ka fara tambayar halin hanya wurin mutanen yankin, ka bi ta hannun hakimi ko mai gari, ka tafi da ɗan rakiya. Wurin yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964, yana kuma cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kayan tarihi, a 2007, don haka ba a tono, ba a ɗauke ko da tsingaro. Ɗauki hoto da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugun bango ta gefe, kowane dutse ya fito da inuwarsa. Da tsakar rana bangon zai fito a shafe. Sa mutum ya tsaya a jikinsa ko ka jingina sanda mai tsawon mita ɗaya, don a gane girma. Idan wayarka tana da ƙarfi, manhajoji irin su Polycam suna haɗa hotuna masu yawa su fitar da siffar bango da za a iya juyawa ta kowane ɓangare; sharaɗin shi ne kowane hoto ya hau kan fiye da rabin wanda ya gabace shi.

Mataki na uku: jerin abin da ba ya shiga

Wannan jerin ya fi umarnin kansa muhimmanci, domin na'urar ba ta san zamani ba. A Kabi ta zamanin Kanta babu rufin kwano, babu siminti, babu jarkar roba, wannan kowa ya sani. Amma akwai waɗanda ke wucewa ba a lura ba. Masara da rogo da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su da wuri a kasuwar Surame ta 1520. Gero da dawa da shinkafar fadama da wake da kifi su ne abin sawa. Dogon yaro daga Indiya yake, sai a ƙarni na 20 aka baza shi a Arewa, mangwaro ma baƙo ne. Itatuwan da za ka nema su ne kuka, tsamiya, giginya, goriba, gawo, kaɗanya. Bindiga ma ka cire ta: labarin bindigogi a wannan yanki ya fi fitowa ne a Barno zamanin Mai Idris Alauma, can ƙarshen ƙarnin. Ba dakarunka kwari da baka, mashi, takobi, garkuwar fata, doki da lifidi. Atamfa mai ɗab'in masana'anta ita ma waje. Saƙi da baƙin rini na baba su ne tufafin.

Mataki na huɗu: rubuta umarnin

Rubuta shi da Hausa tukuna, kamar kana yi wa mai zane bayani. Bi wannan tsari: me ake gani a gaba, me ke baya, da me aka yi kowane abu, wane lokaci ne na yini da na shekara, daga ina mai kallo yake tsaye, sannan abin da aka hana. Ga misali na ƙofa:

“Ƙofar wani birni a ƙasar Hausa ta yamma, ƙarni na 16. Ganuwa ce mai kauri da aka gina da jajayen duwatsu marasa sassaƙa, an jera su da laka, gindinta ya fi samanta faɗi. Mashigar ƙunƙuntacciya ce, an ɗora mata azara ta giginya. Lokacin rani ne, da hantsi, akwai hazo kaɗan. Fatake da jakuna suna shiga, an hango su daga nesa ta baya. Kuka biyu a gefen dama. Mai kallo yana tsaye a ƙasa, kamar taku talatin daga ƙofar. Babu hasumiya, babu ƙubba, babu tuta, babu itatuwa masu leƙowa daga bango, babu rubutu.”

Manhajojin suna ɗan jin Hausa, amma sun fi kama bayanin zane da Turanci. Ka sa manhajar ta fassara, sannan ka karanta fassarar layi-layi kafin ka ce ta zana. Kalmomin gini su ne ke ɓacewa a hanya: azara, tubali, zaure, soro, makuba. Kada ka bar mata su haka. Bayyana kowanne, misali tubali curin laka ne da aka mulmula da hannu, gindi mai faɗi, kai mai tsini, aka shanya a rana. In ba haka ba za ta jera maka bulo mai kusurwa huɗu.

Abin da ya fi kowace kalma aiki shi ne hoto. ChatGPT da Gemini suna karɓar hoton da ka ɗora. Ɗora hoton bangon gaske ka ce ta bar duwatsun da launinsu yadda suke, ta ɗaga bangon kawai. Ko ka zana tsarin da biro a takarda, ko da zanen bai yi kyau ba, ka ɗauki hotonsa ka ba ta. Ga jirgin Kanta, hoton babban kwalekwale daga bakin kogi a Yawuri ko Argungu zai hana ta kawo maka jirgin Turawa mai filafilai da kan dodo a goshi.

Wata shawara kuma: ce mata ta yi shi kamar zanen hannu da tawada ko da launin ruwa. Hoton da ya yi kama da na kyamara yana ce wa mai kallo haka abin yake. Zanen hannu kuwa kowa ya san mutum ne ya kintata.

Mataki na biyar: duba da gyara

Hoton farko ba ya taɓa zama na ƙarshe. Buɗe shi a babban allo in akwai, ka ja shi kusa, ka bi shi kusurwa-kusurwa da littafinka a hannu. Dubi rufin ɗakunan da ke can baya, nan kwano ke ɓuya. Dubi sirdin doki da linzami. Dubi hannun mutane da ƙafafun dabbobi, wani lokaci jaki kan fito da ƙafa biyar. Dubi fuskoki da launin fata, domin da ta ji an ambaci sarauta da rawani takan karkata zuwa Larabawa. A hoton jirgin, ƙirga matuƙa. Na'urar ba ta iya ƙidaya mai yawa ba, in ka ce hamsin za ta ba ka sha bakwai ko tarin kawuna marasa jiki. Dabarar ita ce ka canza inda mai kallo yake: a nuna goshin jirgin da layin farko na matuƙa, sauran su shige cikin hazo ko su fita daga gefen hoton. Jan ƙarfen ma takan sa shi ya yi ƙyalli kamar zinariya. Ce mata falle-falle ne da maƙera suka buga da guduma, akwai tabon bugu, ya dushe inda ruwa ke taɓa shi.

Gyara abu ɗaya a kowane zagaye, kana cewa ta bar sauran yadda suke. In ka jero gyara biyar lokaci guda, sabon hoto za ta kawo maka da sabbin kurakurai. Idan abin ya fara lalacewa, buɗe sabuwar hira ka ɗora hoton da ya fi kyau ka ci gaba daga nan. Manhajojin kyauta suna da iyakar hotunan da za ka yi a yini, don haka gama rubutu da tunani kafin ka kunna data.

Inda hujja ta ƙare, kada ka fitar da hoto ɗaya. Fitar da biyu ko uku: ƙofa mai rufin soro, ƙofa marar rufi, ƙofa mai zaure a ciki. Jera su tare. Wannan ya fi kowane dogon bayani nuna wa yara cewa tambayar a buɗe take, kuma a aji shi ke tayar da muhawara mai daɗi.

Fuskar Kanta fa?

Ra'ayina, a bar ta. Ba zane, ba mutum-mutumi, ba wata siffa tabbatacciya da aka gada. Duk fuskar da na'ura ta ba ka ta wani ce da ba a taɓa haifa ba, kuma da zarar ta shiga WhatsApp ta zama “hoton Kanta na asali”. Mun ga yadda hotunan da ake jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ke yawo, alhali ya rasu a 1817, kafin a fara ɗaukar hoton mutane da kyamara. In dole sai sarki ya fito, nuna shi daga nesa, ko ta baya, ko da amawali ya rufe fuska. Annabawa da sahabbai kuwa ba a ma fara. Haka kaburburan sarakuna da wuraren da masu gari ke girmamawa, tambayi fada tukuna.

Mataki na shida: kai wa masu shi, sannan ka sa alama

Kafin ka wallafa, nuna wa mutum uku da ba sana'arsu ɗaya ba: magini na gargajiya, masunci ko masassaƙin jirgi, da malamin tarihi. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce ya yi. Ce wa magini, “Malam, in an ce ka gina wannan, ina ne zai fara rushewa?” Zai nuna maka da yatsa cewa azarar ta yi tsawon da ba za ta ɗauki nauyi ba, ko bangon ya miƙe sumul kamar an yi shi da ma'auni. Masunci zai gaya maka ko jirgi mai wannan zurfi zai iya bin ruwan fadama, ko kuwa zai kafe. Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wuri ne da za a iya neman mai dubawa.

Alamar kuma a jikin hoton za ka rubuta ta, ba a ƙarƙashinsa ba, domin mai turawa hoton kaɗai yake ɗauka. Wasu kamfanoni suna saka ɓoyayyar shaida a cikin hotunansu, kamar SynthID na Google, amma ɗan'uwanka da ke kallo a waya ba ya ganinta. Yi amfani da Canva ko manhajar gyaran hoto ta wayarka, ka rubuta a inda yanke shi zai ɓata hoton: “Kintace ne da ƙirƙirarriyar basira, ba hoton gaske ba.” Kada ka sa na'urar ta rubuta da kanta, takan hargitsa haruffa, musamman ƙ da ɗ da ɓ. A bayanin da ke rakiyar hoton ka faɗi kashi ukun nan a taƙaice: duwatsun daga kango, jan ƙarfe da matuƙa daga labarin baka, rufi da tufafi kintacena. Idan akwai hoton kangon na gaske, sa shi gefe da gefe.

Masu son bidiyo za su iya ɗora hoton da aka gama gyarawa a manhajoji irin su Veo ko Kling ko Runway su motsa shi na 'yan daƙiƙoƙi. Nemi motsi kaɗan: ruwa na kaɗawa, ƙura na tashi, kyamara na matsowa a hankali. Da ka ce mutane su yi tafiya ko dawaki su yi sukuwa, bangon da ka sha wahalar gyarawa zai fara narkewa yana canza siffa.

Ajiye komai a wuri ɗaya: umarnin da ka rubuta, hotunan da ka ɗora, sunan manhajar, kwanan wata, da hotunan da ka ƙi tare da dalilin ƙin su. Wannan tsari shi za ka ɗauka ka kai Gungu, wani tsohon garin Kabi, ko ganuwar Birnin Kabi, ko kangon Birnin Zamfara, sai dai kowane wuri da nasa jerin abin da ba ya shiga, gwargwadon ƙarnin da kake zanawa.